Yadda Ake Jagorantar Rabon Tallafin Sauyin Yanayi a Gidauniyar Agaji

Duk wanda aka damƙa wa ragamar sashen sauyin yanayi a gidauniya, abin da ya kamata ya fara zama masa a rai shi ne ƙanƙantar kuɗin da ke hannunsa, ko da kuwa kasafinsa ya kai dala miliyan 100 a shekara. Hukumar makamashi ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 kaɗai an zuba kusan dala tiriliyan 2 a harkar makamashi mai tsafta. A taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka yi a Baku a 2024 an tsayar da burin samar wa ƙasashe masu tasowa dala biliyan 300 duk shekara nan da 2035, kuma su kansu ƙasashen sun ce hakan ya yi musu kaɗan. A ɗaya ɓangaren, rahotannin gidauniyar ClimateWorks sun sha nuna cewa abin da masu agaji ke bayarwa don rage hayaƙin da ke ɗumama duniya bai kai kashi 2 cikin 100 na dukan kyautar da ake yi a duniya ba.

Saboda haka kuɗinka ba zai gina tashoshin lantarkin da duniya ke buƙata ba. Darajarsa tana wani wuri daban. Kuɗi ne da ba a jiran ribarsa, ba shi da zaɓe a gabansa, yana iya shiga inda banki ke tsoro, yana iya jira shekara goma, yana kuma iya biyan albashin lauya ko mai bincike ko 'yar fafutukar da za ta sa gwamnati ta sauya doka, dokar kuma ta juya akalar biliyoyi. Aikinka gaba ɗaya shi ne ka kai wannan ɗan kuɗin inda zai motsa abin da ya fi shi girma. Ga yadda ake bi.

Mataki na farko: ka san gidan da ka shiga

Kafin ka yi tunanin sabuwar dabara, ka nemi jerin duk tallafin da sashenka ya bayar a shekaru biyar da suka wuce, ka karanta shi layi-layi. Wa aka bai wa, nawa, na tsawon wane lokaci, yaushe zai ƙare? Sabbin shugabanni da yawa sukan girgiza idan suka gano cewa mafi yawan kasafin bana an riga an yi alkawarinsa tun bara da bara waccan. Abin da ya rage bayan an cire waɗannan alkawura shi ne ainihin abin da kake da iko a kai, kuma da shi za ka yi lissafi.

Sai ka fahimci irin gidauniyar. Akwai wadda aka kafa don ta dawwama, tana cin ribar jarinta kawai. A Amurka, alal misali, doka ta wajabta wa gidauniya mai zaman kanta ta raba kusan kashi 5 cikin 100 na dukiyarta duk shekara, kuma da yawa a nan suke tsayawa. Akwai kuma wadda mai ita ya ce a ƙarar da dukiyar cikin wani wa'adi. Waɗannan biyun ba za su yi dabara iri ɗaya ba. Ka zauna da kowane ɗan kwamitin amintattu shi kaɗai, ka tambaye shi abin da yake fata da abin da ba zai taɓa yarda da shi ba. Wani ba ya son jin maganar shigar da ƙara kotu, wani ba ya son a taɓa kamfanonin mai. Gara ka sani tun yanzu da ka sha aikin wata shida a ƙi shi a zaman minti goma.

Mataki na biyu: ka saurara, amma ka san cewa ba a faɗa wa mai kuɗi gaskiya da sauƙi

Ka ware watannin farko don zagayawa. Ka gana da waɗanda kuke tallafa wa, da waɗanda kuka ƙi, da ma'aikatan gwamnati da ke riƙe da ma'aikatun makamashi da noma da kuɗi, da masana, da sauran gidauniyoyin da ke wannan fage. Sai dai daga ranar da ka hau wannan kujera, kowace shawararka za ta zama mai kyau a bakin mutane. Wanda albashin ma'aikatansa ke jiran sa hannunka ba zai ce maka ka yi kuskure ba. Don haka ka sauya salon tambaya. Maimakon ka ce "Me kuke gani game da tsarinmu?", ka ce "Wane aiki ne kuka san yana da muhimmanci amma babu mai biyan kuɗinsa?" ko "Wace ƙungiya ce ta fi ku cancanta a wannan fannin amma ba a san ta ba?" Idan da hali, ka sa wani na waje ya tattaro ra'ayoyinsu ba tare da an rubuta sunaye ba.

Mataki na uku: ka zaɓi fage, ka bar sauran

Nan ne aikin yake da nauyi, kuma nan ne aka fi zamewa. Sauyin yanayi ya taɓa komai: wutar lantarki, sufuri, siminti da ƙarfe, gandun daji, noma, lafiya, ƙaura, bashin ƙasashe. Kowane ɗaya yana da hujja mai ƙarfi da mutanen kirki a bayansa. Shugaban da ya kasa cewa a'a zai wayi gari da ƙananan tallafi tamanin a ƙasashe talatin, kowa ya samu kaɗan, babu abin da ya gusa.

Rabuwar farko ita ce tsakanin rage hayaƙi da taimaka wa jama'a su jure wa abin da ya riga ya iso. Yarjejeniyar Paris ta 2015 ta sa burin tsayar da ɗumamar duniya ƙasa sosai da digiri 2, tare da ƙoƙarin tsayawa a 1.5. Amma 2024 ta zama shekara ta farko da matsakaicin zafin duniya ya haura 1.5 a kan yadda yake kafin zamanin masana'antu. Ke nan ba a isa a ce jurewa maganar gobe ce ba. A ganina gidauniyoyi sun daɗe suna yi wa wannan ɓangaren rowa, domin rage hayaƙi yana da adadin da ake iya nunawa a takarda, jurewa kuwa nasararta ita ce asarar da ba ta faru ba. Afirka, wadda hayaƙinta bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba, kuma kusan mutum miliyan 600 a cikinta ba su da lantarki, ba za a je mata da dabarar da aka tsara don Turai ba. A irin wannan wuri maganar yanayi ita ce maganar samun wuta da kare amfanin gona da tsira daga ambaliya.

Duk fagen da kake dubawa, ka yi masa tambaya uku. Yaya girman abin da zai canza idan aka yi nasara? Akwai ƙofar da ke buɗe yanzu, kamar dokar da ake shirin rubutawa ko fasahar da farashinta ke faɗuwa? Sannan, idan ba ka sa kuɗinka ba, wani zai sa? Ta ukun ita aka fi mantawa. Farashin lantarkin hasken rana ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 daga 2010 zuwa 2023, har 'yan kasuwa na rububin gina manyan tashoshi da kuɗinsu. Zuba kuɗin agaji a sayen faifan sola a kasuwar da ta riga ta kankama ɓarna ce. Amma gyaran dokar da ta hana ƙananan masu samar da wuta sayar da ita, ko horar da ma'aikatan hukumar da ke tsara farashin lantarki, wannan babu ɗan kasuwar da zai biya.

Tarihin fagen ya nuna inda ɗan kuɗi ya yi aiki. A 2016, lokacin da ƙasashe suka amince a Kigali su rage sinadaran sanyaya ɗaki da firji masu ɗumama duniya, wasu gidauniyoyi sun haɗa sama da dala miliyan 50 don taimaka wa ƙasashe masu tasowa su sa ƙa'idojin ingancin na'urorin sanyi a lokaci guda. Ƙofa ce ta buɗe, suka shiga da wuri. A taron yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 a Gilasgo, da aka yi alkawarin rage iskar metan da kashi 30 cikin 100 nan da 2030, masu agaji sun tara sama da dala miliyan 300 don mara masa baya. Dalilinsu a fili yake: a cikin shekara ashirin metan tana ɗumama duniya kusan ninki 80 na iskar kabon, kuma toshe yoyonta a rijiyoyin mai da bututun gas ba shi da tsada. A ɓangaren jurewa kuwa, birnin Ahmedabad na Indiya ya yi asarar fiye da mutum 1,300 a tsananin zafin watan Mayun 2010. A 2013 birnin ya fito da tsarin tunkarar zafi tare da haɗin gwiwar masana lafiya da wata ƙungiyar kare muhalli: gargaɗi tun da wuri, horar da ma'aikatan asibiti, wuraren shan ruwa da fakewa. Ba wani makudan kuɗi ya ci ba, kuma birane da dama sun kwaikwaye shi.

Shawarata ita ce fage biyu, in ya yi yawa uku, a yankunan da ma'aikatanka suka sani da gaske. Ka rubuta abin da ba za ku yi ba, ka wallafa shi, don kada ƙungiyoyi su ɓata makonni suna rubuta neman abin da ba za su samu ba.

Mataki na huɗu: ka rubuta hanyar da kake zaton canjin zai bi

Shafi biyu sun isa. Wane hukunci ake so a yanke, wa ke da ikon yanke shi, me zai sa ya yanke, wa zai tsaya a hanya, kuma wa zai kare nasarar bayan an samu? Ka rubuta zato a matsayin zato, don ka iya dawowa ka duba wanda ya ƙaryata.

Tambayar ƙarshen nan tana da darasi mai ɗaci a bayanta. A 2009 majalisar wakilan Amurka ta zartar da ƙudurin ƙayyade yawan hayaƙin da kamfanoni za su fitar, tare da ba su damar saye da sayar da izinin fitar da shi, bayan manyan ƙungiyoyin muhalli da masu tallafa musu sun zuba ƙarfi a kai. A 2010 ƙudurin ya mutu a majalisar dattawa. Masu nazari irin su Theda Skocpol ta jami'ar Harvard sun nuna cewa an dogara da sasantawa tsakanin manya a babban birni, ba a gina goyon bayan talakawa a mazaɓu ba. Takardar masana komai kyanta ba ta tsayawa da ƙafarta. Tana buƙatar ƙungiyoyin ƙwadago, manoma, matasa, shugabannin addini da 'yan jarida da za su ce wannan namu ne. Idan a tsarinka kowane tallafi na cibiyoyin bincike ne, to akwai ƙafar da ta ɓace.

Ka kuma lissafa da waɗanda canjin zai cutar. Rufe mahaƙar kwal na nufin garin da ya rasa aikin yi. Shirin dala biliyan 8.5 da aka sanar a 2021 don taimaka wa Afirka ta Kudu ta rage dogaro da kwal ya nuna cewa alkawarin kuɗi daban, amincewar ma'aikata da al'ummar yankin kwal daban. Kuɗin gidauniya ya dace da wannan giɓin, wato ya ba mutanen yankin ƙarfin zama a teburin da ake tattauna makomarsu.

Mataki na biyar: ka raba kasafin

Kaso mafi girma ya tafi ga ƙungiyoyi kaɗan da dabarar ta dogara a kansu, na shekaru da yawa. Kaso na biyu ga sababbi da gwaje-gwajen da ka san wasunsu ba za su yi nasara ba. Sannan ka ajiye kamar kashi 10 cikin 100 ba tare da ka yi alkawarinsa ba, tare da izinin kashe shi cikin mako biyu ba sai kwamiti ya zauna ba. Zaɓe kan sauya gwamnati, kotu kan yanke hukunci, a kan kama ɗan fafutuka, kuma waɗannan ba sa jiran zaman kwata.

Mataki na shida: ka nemo waɗanda za a bai wa

Hanya mafi sauƙi ita ce ka bai wa waɗanda suka iya rubuta takardar neman tallafi da harshen da kake so, masu ofis a manyan birane, waɗanda kake haɗuwa da su a kowane taro. Sauƙin nan tarko ne. A Gilasgo an yi alkawarin dala biliyan 1.7 don kare haƙƙin mallakar ƙasa na 'yan asalin gandun daji da al'ummomin da ke zaune a cikinsu. Rahoton shekarar farko na masu bayarwar da kansu ya nuna kashi 7 cikin 100 kacal ya isa hannun ƙungiyoyin waɗannan mutane kai tsaye. Alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma bincike ya sha nuna cewa dajin da ke hannun mazaunansa da takardar mallaka ya fi tsira daga sara.

Idan ma'aikatanka biyar ne, ba za ku iya kula da ƙananan tallafi ɗari biyu ba, kuma wannan gaskiya ce. Mafita ita ce gidauniyoyin tsakiya masu karɓa su sake rabawa: European Climate Foundation a Turai, Instituto Clima e Sociedade a Birazil, African Climate Foundation a Afirka, Global Greengrants Fund mai ba da ƙananan tallafi ga ƙungiyoyin karkara. Amma ka tambaye su abu uku kafin ka sa hannu: nawa suke riƙewa, su wa ke yanke hukuncin rabon, kuma kwana nawa kuɗi ke ɗauka kafin ya isa ƙasa. Idan duk masu yanke hukuncin suna zaune nesa da inda aikin yake, tsawaita sarƙar kawai ka yi.

Game da buɗe ƙofa ga kowa ya nema ko gayyatar waɗanda ka zaɓa, kowanne da aibinsa. Gayyata tana maimaita sanayya. Buɗe ƙofa tana sa ƙungiyoyi ɗari biyar su yi wahala don gurbi goma. Tsaka-tsakin da ya fi adalci shi ne a fara da wasiƙar shafi ɗaya, sai waɗanda suke da kyakkyawar dama a nemi cikakken bayani daga gare su. Ka karɓi takarda da harshen da ƙungiyar ke aiki da shi, kuɗin fassara ya zama naku.

Mataki na bakwai: bincike kafin bayarwa

Ka duba rajista, da rahoton binciken kuɗi, da kwamitin da ke sa ido a kan shugaban ƙungiyar, da tsarinsu na kare mata da yara da masu tona asiri. Zurfin binciken ya dace da girman kuɗin. Neman takardu arba'in daga ƙungiyar da za a bai wa dala dubu ashirin zalunci ne da sunan tsantseni. Idan ka ga rauni a riƙon littattafan kuɗi amma aikin na ƙwarai ne, ka ƙara musu kuɗin ɗaukar akanta maimakon ka juya baya.

Doka kuwa sai ka sa lauyan gidauniya kusa da kai tun farko. A Amurka, gidauniya mai zaman kanta ba ta da izinin ware kuɗi musamman don kamun ƙafa a majalisa kan wani ƙuduri, ba ta kuma shiga yaƙin neman zaɓe, amma tana iya tallafa wa bincike da wayar da kai da gudanarwar ƙungiya gaba ɗaya. In za ta ba ƙungiyar ƙetare, ko dai ta tabbatar ƙungiyar daidai take da ta agaji a dokar Amurka, ko ta ɗauki nauyin bin diddigin yadda aka kashe kowane kashi. Ƙasar mai karɓa ma tana da nata. Indiya ta gyara dokarta a 2020 ta hana ƙungiyar da ta karɓi kuɗin waje miƙa shi ga wata, abin da ya rushe tsarin masu rabawa da yawa. Lauya mai tsoro zai hana ka abin da doka ta halatta, don haka ka nemi wanda ya san fagen.

Mataki na takwas: siffar tallafin

Yadda ka bayar yana da nauyi daidai da nawa ka bayar. Tallafin shekara ɗaya da aka ɗaure da jerin ayyuka yana mayar da shugaban ƙungiya marubucin rahoto, ba ya kuma iya yi wa ƙwararren ma'aikaci alkawarin aiki na badi. Aikin yanayi kuwa na dogon zango ne. Ƙungiyar Urgenda ta shigar da gwamnatin Holan ƙara a 2013, kotun ƙoli ba ta tabbatar da hukuncin tilasta rage hayaƙi ba sai a Disambar 2019. Ɗaliban shari'a na tsibiran Pasifik sun fara kiran a kai maganar yanayi kotun duniya a 2019, ƙasar Vanuatu ta ɗauki maganar, kotun ta ba da fatawarta a Yulin 2025. Wanda ke neman sakamako cikin wata goma sha biyu da ya janye tun a hanya.

Don haka, ga ƙungiyar da ka amince da ita, ka ba da na shekara uku zuwa biyar, ka bar mata 'yancin kashewa yadda aikin ya buƙata. Gidauniyar Ford ta ware dala biliyan 1 a 2016 don irin wannan tallafi na shekara biyar mai ƙarfafa ƙungiya kanta. Idan dole tallafin ya zama na wani takamaiman aiki, ka biya cikakken kuɗin gudanarwa: haya, akanta, kwamfuta, inshora. Gidauniyar MacArthur, bayan ta nazarci ainihin abin da ƙungiyoyi masu lafiya ke kashewa, ta ɗaga nata kason zuwa kashi 29 cikin 100 daga 2020. Wanda ke ba da kashi 10 yana tilasta wa ƙungiya ta ɓoye gaskiya ko ta ci jikinta.

Akwai ƙananan abubuwa da ke da girma a wurin mai karɓa. Ka biya kason farko da zarar an sa hannu, kada ka ce su kashe nasu a mayar musu. Ka amince a kan wanda zai ɗauki asarar faɗuwar darajar kuɗi, kuma ya kamata gidauniya ce ta ɗauka. Ka yarda da rahoton da suka riga suka rubuta wa wani mai tallafi. Ka sanar da sabuntawa wata shida kafin wa'adi ya cika.

Kada ka manta da tsaro. Ƙungiyar Global Witness ta ƙirga masu kare ƙasa da muhalli 196 da aka kashe a 2023 kaɗai. Idan kana tallafa wa masu ƙalubalantar masu sarar daji ko masu haƙar ma'adinai, ka sa kuɗin lauya da tsaron wayoyi da kwamfutoci da na sauya matsuguni cikin gaggawa a kasafin. Ka tambaye su kafin ka wallafa sunansu a shafin gidauniya, domin wani lokaci sanarwarka ita ce ke jefa su a haɗari.

Mataki na tara: kwamitin amintattu

Ka kai musu dabara su amince da ita, sannan ka nemi a ba ka ikon amincewa da tallafin da bai wuce wani adadi ba. Tun ranar farko ka gaya musu cewa wasu gwaje-gwajen za su faɗi, kuma idan babu wanda ya faɗi to alama ce ba a yi kasadar da ta kamata ba. Ka kawo musu labarin abin da ya ci tura da bakinka kafin su ji a waje. Sau ɗaya a shekara ka haɗa su da masu aikin ido da ido, ba tare da kai ne mai fassara musu komai ba.

A wannan teburin ne kuma za ka tayar da maganar jarin gidauniya. Ba daidai ba ne kashi 5 na yaƙar hayaƙi, kashi 95 na zaune a hannun jarin kamfanonin kwal da mai. Rockefeller Brothers Fund, wadda asalin dukiyarta daga mai ne, ta sanar da janye jarinta daga wannan fanni a 2014, Ford da MacArthur suka ɗauki irin wannan hanya a 2021. Hukuncin ba naka ba ne, amma tambayar taka ce.

Mataki na goma: aunawa

Kwamiti zai so ya ji tan nawa na hayaƙi kuɗinsa ya hana. Ka yi hattara da wannan lissafi. A 2011 Michael Bloomberg ya ba ƙungiyar Sierra Club dala miliyan 50 don yaƙin rufe tashoshin kwal a Amurka, kuma cikin shekara goma fiye da rabinsu sun rufe ko sun sanar da ranar rufewa. Nasara ce babba. Amma arhar iskar gas da faɗuwar farashin makamashin iska da rana da dokokin tsaftar iska duk sun taka rawa, kuma babu mai iya yanka wa kowa rabonsa daidai. Abin da za ka iya nunawa da gaskiya shi ne gudummawa: wace doka ta sauya, wa ya kawo hujjar da aka yi amfani da ita, wace ƙungiya ce yanzu ake kira idan za a yanke hukunci alhali da ba a san da ita ba.

Ka zaɓi alamomi kaɗan, ku amince a kansu tare da mai karɓa. A ɓangaren jurewa ka duba abubuwa kamar yawan mutanen da gargaɗin ambaliya ke isa gare su a kan lokaci, da ko gwamnati ta sa shirin a kasafinta. Hira ta awa ɗaya sau biyu a shekara takan fi rahoto mai shafi talatin amfani. Duk shekara ka koma kan shafuka biyun nan na mataki na huɗu, ka ja layi a kan zaton da bai tabbata ba, ka gyara. Sauya dabara gaba ɗaya duk shekara biyu kuwa tufka da warwara ne, kuma ƙungiyoyi ne ke biyan kuɗinsa.

Abin da ka koya ka raba shi da sauran masu bayarwa, har da wanda bai yi daɗi ba. Ku daidaita fom ɗinku, ku raba fage, don kada ku taru a kan ƙungiya ɗaya mai suna ku bar goma a bushe.

Mataki na ƙarshe: yadda ake janyewa

Wata rana za ka daina tallafa wa wata ƙungiya ko ka bar wani fage. Kafin ka yanke, ka duba kaso nawa na kasafinsu ne ke fitowa daga gare ku. In ya haura kashi ɗaya cikin uku, janyewa farat ɗaya na iya rufe su. Ka sanar da su aƙalla shekara guda kafin lokaci, da bakinka, tare da dalili na gaskiya. Ka ba da tallafin sallama mai raguwa a hankali cikin shekara ɗaya ko biyu, wanda ba a ɗaure shi da wani aiki ba, ka yarda su sa wani ɓangare a asusun ajiya. Ka gabatar da su ga wasu masu bayarwa uku ko huɗu da ka san fagen ya dace da su, ka kuma rubuta a fili cewa sauyin dabara ne ya sa kuka janye idan hakan ne, don kada wasu su ɗauka wani laifi aka kama su da shi. Bayan shekara biyu ka sa a koma a duba abin da ya rage na aikin, ka shigar da sakamakon cikin takardun da wanda zai gaje ka zai karanta.